Twilight Struggle: Wasan da Ake Kifar da Najeriya da Kati Guda

Twilight Struggle wasa ne na mutum biyu kacal. Ɗaya ya zama Amurka, ɗaya ya zama Tarayyar Sobiyet, a shimfiɗa taswirar duniya a tsakani, a yi ta ja-in-ja a kanta tun daga 1945 har 1989. Ananda Gupta da Jason Matthews ne suka ƙirƙire shi, kamfanin GMT Games na jihar Kaliforniya ya fitar da shi a 2005. Sunan kuwa daga jawabin da John Kennedy ya yi ranar rantsar da shi a Janairun 1961 aka tsakuro shi. A shafin BoardGameGeek, inda masu wannan harka ke ba wasanni maki, ya yi kusan shekara biyar yana na ɗaya kafin a ture shi a farkon 2016. Nawa irin bugun nan ne da aka fara fitarwa a 2009, mai allo mai kauri da kati 110. Wani ɗan'uwa da ya dawo daga karatu a Ingila ya riƙo mini.

Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri. Ban taɓa buga wasan mutum biyu da ya kama ƙafarsa ba. Amma ba kowa zan ce ya saya ba, kuma akwai abin da ke cikinsa da ɗan Najeriya ba zai kalla bai ji wani iri ba.

Kwalin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Allo mai naɗewa wanda in ka buɗe shi sai ya cinye teburin cin abinci, kati, ɗan lido guda biyu, littafin dokoki, da tarin ƙananan kwalaye masu lamba, ja na Sobiyet, shuɗi na Amurka. Wanda ya zo da tsammanin 'yan tankokin roba da jiragen yaƙi irin na Axis & Allies zai ɗauka an cuce shi, domin babu soja ko guda a kan allon. Abin da kake turawa ƙasashe shi ne tasiri. Kowace ƙasa tana da akwatinta, a kusurwarsa kuma akwai lamba daga 1 zuwa 5 mai nuna ƙarfin zaman gwamnatinta. Birtaniya 5, Jamus ta Yamma 4, Polan 3, Italiya da Iran 2. Kafin ƙasa ta zama taka sai tasirinka a cikinta ya ɗara na abokin karawarka da aƙalla wannan lambar. Wasu ƙasashen an ware su a matsayin fagen daga, su ne masu kawo maki idan an zo lissafi. Zagaye goma ake yi. Wanda ya fara ba ɗan'uwansa ratar maki 20, ko ya mallake Turai a lokacin da aka buga katin lissafinta, ya ci tun kafin a kai ƙarshe.

Har nan dai babu abin da ya bambanta shi da sauran wasannin mamaye ƙasa. A katin ne asirin yake.

In ban da katunan lissafi, kowane kati yana ɗauke da abu biyu: lamba daga 1 zuwa 4, wadda ita ce kuɗin aikinka, da kuma wani lamari na tarihi mai hoton baƙi da fari. Jan tauraro na nufin lamarin na Sobiyet ne, fari na Amurka, rabi da rabi kuma na kowa. Daga tuli ɗaya ake raba muku, don haka dole katin abokin gabarka ya faɗo hannunka. Idan ka buga katinka, sai ka zaɓa, ko lambar ko lamarin. Idan kuwa ka buga nasa, lambar taka ce, amma lamarin sai ya auku, da hannunka, kana ji kana gani. Kuma ba ka da wurin ɓuya, domin a farkon wasa kati takwas ake ba ka, bakwai dole su fita, ɗaya tak za ka iya kwana da shi.

Ka ɗauka kai ne Amurka, ka buɗe hannunka ka tarar da Fidel, da Nasser, da Rikicin Suez, da Killace Barlin, dukkansu jajaye. Fidel zai share ka daga Kyuba ya miƙa ta ga Sobiyet, ga ta a bakin ƙofarka. Nasser zai ba su tasiri biyu a Masar, wanda ya isa su riƙe ta. Suez zai zare maka tasiri huɗu daga Faransa da Birtaniya da Isra'ila. Killace Barlin kuwa, mai lamba 1 kacal, shi ne mugun: in ba ka jefar da kati mai lamba 3 ko 4 ba, duk abin da ka tara a Jamus ta Yamma ya tafi. Gaba kura, baya sayaki. Tambayar da ke gabanka ba ita ce wane kati ne zai amfane ka ba, tambayar ita ce wace asara za ka fara sha, kuma yaushe. Gwanaye sukan bar Faransa ba komai a zagayen farko, saboda Suez ya zo ya tarar babu abin ɗauka sai ɗan abin da ke Birtaniya da Isra'ila. Sukan bar lamarin ya fara aukuwa, sannan su yi amfani da lambar katin su ɗinke ɓarakar da ya yi. Rabin gwanintar wasan nan ita ce iya shan kaye kaɗan-kaɗan ba tare da an faɗi ba.

Babbar mafita ita ce tseren sararin samaniya. Sau ɗaya a zagaye kana iya jefa kati mai lamba 2 ko sama a can, lamarinsa ba zai auku ba, in ɗan lido ya yi maka kirki ma ka ci gaba a kan layin da ya tashi daga tauraron ɗan'adam na farko ya bi ta saukar wata. A aikace wannan layi juji ne, nan ake zubar da abin da ba a so. Kawuna, wanda shi ne abokin karawata na kullum, duk ranar da ya ga na harba Fidel sama sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, zai dawo." Kuma gaskiyarsa, domin wajen zagaye na uku ake sake cakuɗa katunan da aka zubar, abin da ka guje wa ya dawo, wataƙila wannan karon a hannun mai shi.

Kawu ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1970, cikin ɗaliban da suka tafi da tallafin karatu. Ba ya yarda ya buga Amurka ko da wasa. Ba ya gaggawa, yana kurɓar baƙin shayinsa yana karanta kowane kati da ƙarfi kamar mai karanta labarai, wani lokaci har ya gyara wa katin bayani. Katin lissafi ne ke tona masa asiri. Akwai irin wannan kati ga kowane yanki, kuma doka ta hana a kwana da shi, dole ka buga shi a zagayen da ya zo maka ko da kai ne a ƙasa. Saboda haka idan na ga Kawu ya bar Turai ya soma zuba tasiri a Pakistan da Tailan ba gaira ba dalili, na san lissafin Asiya na hannunsa. Da ya gane na gano shi, sai ya koma yin hakan da gangan alhali ba shi da komai, in ɓata katuna biyu ina kare Indiya, shi kuma ya lallaɓa ya ɗauke Iraƙi.

Sai ma'aunin yaƙin nukiliya, wanda suke kira DEFCON kamar yadda rundunar Amurka ke kiran nata. Daga 5 yake farawa. Duk juyin mulkin da aka yi a ƙasar fagen daga yana sauko da shi mataki ɗaya, ya yi nasara ko bai yi ba. Idan ya kai 1 duniya ta tashi, wasa ya ƙare, kuma wanda ake cikin layinsa na buga kati shi ne ya faɗi, ko da ba shi ya ja kunamar ba. A tarihi, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba a Oktoban 1962 rundunar jiragen nukiliyar Amurka ta kai mataki na 2. A wasan nan kuwa kusan kullum a 2 ake zaune, domin babu wanda zai bar wa ɗan'uwansa damar juyin mulki a banza.

Ga yadda wannan doka ta ci Kawu wata Asabar bayan la'asar. Muna zagaye na huɗu, yana gaba da maki masu yawa, ya riga ya shiga Najeriya da Angola ta katin samun 'yancin kai. Akwai katin kafa CIA da ya kwana a hannunsa tun zagayen baya. Wannan kati lambarsa 1, ba ya shiga sararin samaniya, kuma idan Sobiyet ta buga shi dole ta buɗe hannunta a gani, sannan Amurka ta sami lamba ɗaya ta yi abin da ta ga dama. Aka raba sabon hannu, ashe ya ƙara samun fararen katuna biyu masu haɗari: na atisayen ɓuya ƙarƙashin tebur da ake koya wa 'yan makarantar Amurka, wanda ke sauko da ma'auni kai tsaye, da na sayar wa Sobiyet hatsi. Ma'auni yana kan 3, kuma shi ne mai fara bugawa. Da ya saki CIA a lokacin, da na yi juyin mulkina ma'auni ya sauko 2, ya tsira. Amma Zayar, wato Kwango ta yau, tana hannuna tana masa ƙyalli. Ya kifar da ita, ma'auni ya koma 2. Ya harba na atisayen sama. Da aka zo bugu na ƙarshe saura kati biyu a hannunsa, ɗaya dole ya fita.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya ajiye CIA a hankali.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, zan yi juyin mulki a Najeriya."

Ya ce, "Da lamba ɗaya? Jefa mu gani."

Na ce ba sai na jefa ba ma, Najeriya fagen daga ce, ma'auni ya kai 1.

"To ai kai ka tayar da duniyar, ɗan nan."

"A layinku ne, Kawu."

Ya karɓi littafin dokoki ya karanta wurin da kansa, ya rufe, ya ce wanda ya rubuta wannan doka ya san siyasa, domin ba a taɓa tambayar wanda ya harba, wanda ya kai mutane bakin ramin ake tambaya. Bai sake barin CIA ta kwana a hannunsa ba.

Wannan ya kawo ni ga Afirka, inda na fi daɗewa ina juya wasan a raina, wataƙila don tarihi nake koyarwa a sakandare.

Ƙasashen fagen daga biyar ne a Afirka: Aljeriya, Najeriya, Zayar, Angola da Afirka ta Kudu. Masar da Libiya an kai su Gabas ta Tsakiya. Lambar Afirka ta Kudu 3, Aljeriya 2, sauran ukun kowacce 1. Kamaru 1, Sudan 1, Habasha 1. Nijar ba ta da akwatin kanta, an cusa ta cikin wani akwati mai suna Ƙasashen Sahara, shi ma 1. Gana ta Nkrumah, duk da rawar da ta taka, ba ta sami nata ba. Lissafin juyin mulki kuwa mai sauƙi ne: lambar katinka, ka haɗa da abin da ɗan lido ya bayar, ka cire ninki biyu na lambar ƙasar. Abin da ya rage shi ne yawan tasirin da za ka ɗebe wa abokin gaba, in ya yi saura ka zuba naka. A Jamus ta Yamma 8 za ka cire, ko da katin da ya fi kowane ƙarfi sai ka jefa 5 ko 6 kafin ka taɓa komai. A Najeriya 2 za ka cire. Kati mai lamba 2 ya isa, duk abin da ɗan lido ya nuna sai ka ci wani abu.

Dokoki biyu ne suka ƙara wa abin gishiri. Ta farko, da ma'auni ya sauko 4 an haramta juyin mulki a Turai. A 3 an rufe Asiya. A 2 an rufe Gabas ta Tsakiya. Afirka da Latin Amurka ba a taɓa rufe su. Ta biyu, a kowane zagaye akwai adadin ayyukan soja, irin su juyin mulki, da dole ka cika, daidai da lambar da ma'auni yake kai, in ka gaza a ba abokin gabarka maki. Ka haɗa su biyun ka gani. Duniya na dab da tashi, Turai a kulle, taɓa Najeriya ko Zayar kashe kai ne, ga bashin aikin soja a wuyanka. Me za ka yi? Sai ka kifar da gwamnatin Kamaru, ko ta Ƙasashen Sahara, ba don kana da wata buƙata a can ba, don dai ka cika lissafi. In an dace ma ka sami hanyar shiga Najeriya, tunda duka biyun suna maƙwabtaka da ita a kan allon. Na yi hakan ba adadi, hankalina kwance, ina tunanin maki. Babu littafin da ya taɓa fahimtar da ni dalilin da ya sa Turai ta zauna lafiya shekara arba'in da wani abu alhali Kwango da Angola da Habasha suna ci da wuta kamar yadda waɗannan dokoki biyu suka yi. An kashe Lumumba na Kwango a Janairun 1961, Mobutu ya karɓi mulki a can a 1965, Angola ta sami 'yanci ranar 11 ga Nuwamban 1975 ta zarce cikin yaƙin da Kyuba da Afirka ta Kudu suka tsoma hannu da sojojinsu. Wasan bai yi maka wa'azi a kan ko ɗaya ba. Zaunar da kai yake a kujerar wanda irin wannan ke yi wa arha.

Kuma arhar ce ke sa Afirka ta zama abin wawaso. Katin lissafinta ba ya shigowa sai zagaye na huɗu, kuma a takarda ba ta kai Turai ko Asiya daraja ba: maki 1 in kana da ƙafa a ciki, 4 in ka rinjaya, 6 in ka mallake, da ƙarin ɗaya kan kowace ƙasar fagen daga. Amma da abin da za ka kashe ka riƙe Jamus ta Yamma kaɗai, ka sayi Najeriya da Zayar da Angola har da canji.

Inda na saɓa da wasan shi ne nan: a duniyarsa babu mai motsi da kansa sai Mosko da Washinton. Juyin mulkin Janairu da na Yulin 1966, da na 1975, da na 1983 da 1985, duk rigingimunmu ne na cikin gida, ba wani ne ya jefa ɗan lido daga waje ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 gwamnatin tarayya ta sami makamai daga Birtaniya, ta kuma sami jiragen MiG daga Sobiyet a lokaci guda, kuma ba ta zama 'yar gurguzu ba. Allo mai launi biyu ba shi da wurin ajiye wannan. A 1975 gwamnatin Murtala ta amince da gwamnatin MPLA mai samun goyon bayan Sobiyet a Angola, a Janairun 1976 ya je taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Addis Ababa ya ƙi bin abin da shugaban Amurka Ford ya nema. A cikin kati 110 babu na yaƙin basasarmu, babu na taron Bandung na 1955, babu na ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu da aka kafa a Belgired a 1961. Na yaba wa masu wasan abu ɗaya, ba su ɓoye ba. A bayanin da suka rubuta cikin littafin dokoki sun faɗa cewa sun ɗauki tunanin manyan ƙasashen biyu a matsayin gaskiya don wasa ya yiwu, har da ɓangarorin da suka san ba gaskiya ba ne. Shi ya sa tasiri ke yaɗuwa daga ƙasa zuwa maƙwabciyarta kawai, kuma da Biyetnam ta tafi sai hankalinka ya koma kan Tailan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, haka mahukuntan Amurka suka yi imani a lokacin, haka kuma allon ke tilasta maka ka yi imani na awa uku. Kawu bai ga aibin wannan ba. Ya ce a can, idan ka ce daga Najeriya kake, abin da ake fara son ji shi ne kuna tare da wa.

Akwai kati ɗaya da ke sa ni murmushi duk lokacin da ya fito, na Muryar Amurka. Yana zare wa Sobiyet tasiri huɗu a wajen Turai, bai wuce biyu a ƙasa ɗaya ba. A Afirka, inda da ɗaya ko biyu ake riƙe ƙasa, yana iya share Najeriya da Angola a bugu guda. Duk wanda ya tashi ya ga iyayenmu sun kafa kunne a rediyo mai gajeren zango ya san wannan ba ƙari ba ne. BBC ta fara Hausa a 1957, Mosko da Bejin da Jamus duk suka buɗe nasu sashen, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Ba don Allah kowa ya koyi harshenmu ba.

Ta fuskar koyarwa, littafin dokokin yana da taƙaitaccen bayani kan tarihin kowane kati, kuma na sha ɗaukar katuna biyar ko shida in shiga aji da su, in ba kowane rukuni ɗaya su nemo abin da ya faru. Sai dai mai karatu ya sani da idon Ba'amurke aka zaɓi abubuwan. Kisan Kennedy da zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da badaƙalar Iran da 'yan tawayen Kontra na Nikaragwa duk sun sami kati.

Yanzu aibobinsa. Na farko lokaci. Awa biyu zuwa uku ake cewa, kuma gaskiya ne ga waɗanda suka saba. Sababbi biyu su ware yini, su kuma nemi ɗakin da za a iya barin allo a tashi salla a dawo ba yaro ya taɓa ba. Fanka ma abokiyar gaba ce, ƙananan kwalayen ba su da nauyi, iska ɗaya sai tasirin Siriya ya koma Lebanon a rasa mai shaida.

Na biyu ya fi tsanani. Wanda ya san katunan zai yi wa wanda bai sani ba dukan kawo wuƙa, ba don ya fi shi basira ba. Sabo zai zuba dukiyarsa a Masar bai san Nasser na tafe ba, ko ya tara a Iran da Saudiyya katin juyin juya halin Musulunci ya zo ya share biyun. A zagaye uku na ƙarshe akwai katin atisayen yaƙi wanda, idan ma'auni na kan 2, yake ba ka damar ka ba abokin karawarka maki 6 ka rufe wasan nan take. Wato duk wanda ke gaba da 7 a wannan lokaci yana iya tashi da nasara. Wanda ba a gaya wa ba zai ji kamar an yi masa fashi, kuma da wuya ya sake zama.

Sa'a ma tana da rabonta. Akwai katin da ke rage lamba ɗaya daga duk katunan abokin gaba na zagaye guda, in ya faɗa maka a ranar da hannunka ya cika da ƙananan katuna sai dai ka yi ta kallo. Juyin mulkin Iran da Sobiyet ta saba buɗe wasa da shi, in ɗan lido ya nuna 6 Amurka ta rasa hanyar shiga yammacin Asiya, in ya nuna 1 labari ya sha bamban. Ni wannan bai dame ni ba, gwani ne dai ke yawan ci in an jera wasanni, amma mai son wasa irin dara, inda babu abin da ke tsakaninka da nasara sai kanka, zai ji haushi. Sobiyet ta fi ƙarfi a farko, Amurka ta fi a ƙarshe, kuma tunda sababbi ba su cika kaiwa ƙarshen ba, sai ya zama Sobiyet ce ke ta ci. Masu buga shi da gaske sukan ƙara wa Amurka tasiri biyu tun a shiri. Mu ma haka muke yi, Kawu yana kiransa tallafin marasa ƙarfi.

Tunda ɗan lido ya shigo zancen: na san akwai masu ƙyamar duk wasan da ake jefa shi saboda maganar malamai a kai. Babu kuɗi babu caca a nan, amma jifan yana nan a juyin mulki da yaƙe-yaƙe da tseren sama, ba yadda za a cire shi. Mai wannan damuwa ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Katunan da Turanci suke, Turancin kuma irin na doka, inda kalma ɗaya ke raba abin da ya zama dole da abin da aka ba ka zaɓi. Wanda Turancinsa bai zauna ba zai wahala, kuma ba za ka iya nuna wa abokin karawarka kati ya fassara maka ba. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi su nemi bugun Faransanci, akwai shi. Sannan mutum biyu ne, ba uku ba. In ka kai shi majalisa, biyu za su yi shiru na awa uku, sauran su watse.

Kuɗinsa da dala ne, ga nauyin kwalin a kuɗin aikowa, don haka shawarata kada kowa ya fara da kwalin. Kamfanin Playdek ya fitar da shi a kwamfuta a 2016, akwai shi kuma a waya, kuɗinsa bai kama ƙafar na kwalin ba. Manhajar tana yi maka lissafi, tana nuna maka yiwuwar nasarar juyin mulki kafin ka jefa, tana hana ka karya doka. Kwamfutar da za ka kara da ita ba gwana ba ce, amma ta isa ta koya maka katunan, daga nan ka nemi mutane ta intanet. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne fuskar mutumin da ke riƙe da lissafin Turai yana ƙoƙarin nuna bai damu da Italiya ba. Daga baya Jason Matthews ya fitar da ƙaramin bugu a kan yankin Bahar Maliya da Ƙahon Afirka, lokacin da Habasha da Somaliya suka yi musanyar iyayen gida a shekarun 1970. Zagaye biyu ne kawai, ya fi dacewa da wanda ke son ɗanɗanawa.

Wanda ya riga ya sayi babban kuma zai koya wa wani, ya ba baƙon Sobiyet, ya ɗauki Amurka. Kafin a raba hannu ya zaro katunan lissafi uku na farko, Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya, ya nuna masa yadda ake ƙirga su a kan allo. Ya nuna masa CIA da na ɓuya ƙarƙashin tebur, ya gaya masa ƙarara cewa waɗannan biyun suna kashe mai riƙe da su idan ma'auni na kan 2. Ya sa masa tasiri huɗu a Polan, ɗaya a Jamus ta Gabas, ɗaya a Ostiriya, sannan a tsaya a ƙarshen zagaye na uku a sake sabon lale.